DARASIN LITTAFI MAI TSARKI: KALMAR "LEPROUS" DA KUTURTAR DA MUKE KARANTAWA A MAJAMI'A



A cikin zagayen karatun Lahadi na shekara uku, akwai ranaku biyu da Ikilisiya take tsayar da mu a gaban kutare. A Lahadi ta 6 cikin Shekara, Shekara B, mukan ji Littafin Firistoci sura 13 tare da Markus 1:40-45. A Lahadi ta 28, Shekara C, mukan ji labarin Na'aman tare da na mutum goma da aka warkar a Luka 17:11-19. A majami'u da yawa na dayosis ɗinmu akan yi karatu ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, wani lokaci kuma katekis ne yake juya wa'azin Fada nan take. Saboda haka kalmomi uku na Turanci, wato "leprosy" da "leper" da "leprous", suna yawan faɗowa a kunnenmu, mu kuwa mukan mayar da su kuturta da kuturu ba tare da jinkiri ba.

Darasinmu na wannan wata zai tsaya a kan ta ukun, da kuma abin da yake bayanta. Dalilinmu ya wuce koyon Turanci. Mai yiwuwa ne a kan bencin da muke zaune akwai wanda yake ɓoye wani tabo a ƙarƙashin rigarsa, yana kasa kunne ya ji yadda za mu furta kalmar. Abin da ya ji daga bakinmu shi zai sa ya tafi asibiti, ko kuwa ya ƙara jan riga ya rufe. Don haka ya wajaba mu san abin da muke faɗa.

1. ASALIN KALMAR

"Leprous" sifa ce, wato kalmar da take bayyana yadda abu yake. "Leprosy" sunan cutar ne, "leper" kuwa mutumin da yake da ita. Da Hausa sai mu ce "mai kuturta", ko kuma "mai kama da kuturta".

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce. Ta shiga Turanci wajen ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga Latin, inda ake cewa "leprosus". Latin ya aro ta daga Helenanci. A Helenanci "lepis" shi ne ɓamɓarokin kifi ko ɓawon abu, "lepein" kuma shi ne ɓare abu, kamar yadda ake ɓare gyaɗa. Daga nan aka sami "lepra", sunan da likitocin Helenawa na dā suka ba kowace irin cuta da take sa fata ta yi fari-fari tana ɓamɓarewa. Ashe tun daga tushe kalmar ba ta maganar dungulmin yatsu ko mutuwar jiki. Maganar ɓawo take yi, irin abin da mu za mu kira kirci, ko makero, ko kyasbi, ko ƙora.

2. YADDA AKE AMFANI DA ITA

Mai karatun Turanci zai gamu da kalmar ta hanyoyi huɗu.

Ta fari, ga jikin mutum. Tsofaffin fassarorin Littafi Mai Tsarki na Turanci, da ta Katolika ta Douay wadda Tsohon Alkawarinta ya fito a 1609 da 1610, da ta Sarki James ta 1611, duk sun yi amfani da ita wajen bayyana hannun Musa sa'ad da ya fitar da shi daga ƙirjinsa ya gan shi fari fat (Fitowa 4:6).

Ta biyu, ga abin da ba shi da rai. Marubuci yakan kira tsohon bango da wannan sifa idan farar ƙasar da aka shafa masa tana ɓamɓarewa, ko damina ta bar masa dabbare-dabbare.

Ta uku, a wajen masana tsire-tsire. Sukan yi amfani da ita, ko 'yar'uwarta "leprose", ga ganye ko gansakukar dutse mai kama da an barbaɗa mata gari.

Ta huɗu ita ce ta misali, ita ce kuma mai haɗari. A nan kalmar takan ɗauki ma'anar ruɓaɓɓe, ƙazantacce, abin gudu. Shakespeare ya siffanta guba da ita a wasansa na Hamlet. Masu wa'azi sun siffanta zunubi da ita. Har yau Bature yakan kira wanda jama'a suka ƙaurace masa "leper", ko da lafiyarsa ƙalau. Hanyoyi uku na fari suna bayyana abin da ido ya gani. Ta huɗu kuwa hukunci take yankewa, kuma wanda hukuncin yake faɗa wa shi ne marar lafiyan da bai yi laifin kome ba.

3. ABIN DA LITTAFIN FIRISTOCI YAKE NUFI

An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, kalmar da take wurin kuwa ita ce "tsara'at". Bari mu buɗe sura 13 da 14 na Littafin Firistoci mu duba da kanmu.

Alamun da aka umarci firist ya nema su ne kumburi, ko ƙuraje, ko tabo mai haske, da gashin wurin da ya koma fari, da tabon da ya yi zurfi fiye da fata. In firist yana shakka, sai ya tsare mutumin kwana bakwai ya sāke dubawa, in ta kama ya ƙara waɗansu bakwai. Akwai kuma doka mai ban mamaki a 13:12-13: idan abin ya rufe mutum tun daga kai har ƙafa ya zama fari duka, sai a ce tsarkakakke ne. Bugu da ƙari, "tsara'at" tana kama tufafin ulu da na lilin da kayan fata (13:47-59), tana kuma kama bangon gida, ta fito kore-kore ko ja-ja, har a ciccire duwatsun, in ta dawo a rushe gidan (14:33-53).

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kuturta zai ga bambanci nan da nan. Kuturtar da muka sani ba ta sauya kama cikin kwana bakwai, shekaru take ɗauka. Ba ta kama riga, ba ta kama bango. Abin da yake kama waɗannan fumfuna ce. Babbar alamarta kuma, wato mutuwar wurin har mutum ba ya jin taɓi ko zafi, ba a ambace ta ko sau ɗaya a surorin nan biyu ba, haka ma lalacewar yatsu da makanta. Saboda haka masanan Littafi Mai Tsarki da likitoci suka yarda cewa "tsara'at" suna ne mai faɗi da ya tattara cututtukan fata iri iri, har da fumfunar kaya da ta gini. Shi ya sa waɗansu sababbin fassarorin Turanci suka bar tsohuwar kalmar a waɗannan surori, suka ce mugun ciwon fata kawai.

Mu lura kuma da aikin firist. Ba ya ba da magani, ba ya kuma tambayar mutum zunubin da ya yi. Dubawa yake yi, ya faɗa ko mutumin ya isa ya kusaci Wuri Mai Tsarki ko bai isa ba. Rashin tsarki a wannan littafi yakan sami macen da ta haihu (sura 12), yakan sami wanda ya taɓa gawa, ko da ta mahaifinsa ce (Ƙidaya 19). Babu mai cewa haihuwa ko binne iyaye zunubi ne.

Gaskiya ne dokar tana da tsanani. Wanda aka tabbatar yana da abin zai sa yagaggun tufafi, ya bar gashinsa a barkatai, ya rufe leɓensa na sama, ya riƙa shelar ƙazantarsa, ya zauna a bayan zango (13:45-46). Amma sura 14 gaba ɗayanta hanyar dawowa gida ce. Firist da kansa zai fita bayan zango ya same shi. Za a kawo tsuntsaye biyu, da itacen al'ul, da jan zare, da ɗaɗɗoya. A yanka tsuntsu ɗaya, a saki ɗayan ya tashi. A rana ta takwas za a shafa jinin hadaya a kunnensa na dama, da babban yatsan hannunsa, da na ƙafarsa, daidai wuraren da aka shafa wa Haruna da 'ya'yansa ranar da aka keɓe su firistoci (8:23-24). Matalauci ma an rage masa abin da zai kawo (14:21-22), don kada talauci ya hana kowa komawa cikin jama'ar Allah.

4. YADDA SUNA ƊAYA YA HAU ABU BIYU

To, ina aka haɗu? Tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Kristi, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Littattafansu zuwa Helenanci. Da suka zo kan "tsara'at" sai suka zaɓi "lepra". Zaɓin ya dace, gama a lokacin ma'anarta ciwon fata mai ɓamɓarewa ce. Cutar da mu muke kira kuturta kuwa, likitocin Helenawa da na Roma suna da wani suna dabam dominta: sun kira ta ciwon giwa, saboda yadda take kaurara fatar fuska. Masu rubuta Bishara sun bi kalmar "lepra", Waliyi Jerom kuma ya riƙe ta sa'ad da ya yi fassararsa ta Latin a ƙarshen ƙarni na 4 da farkon na 5.

Daga baya, tun daga ƙarni na 11, aka shiga juya littattafan likitancin Larabawa zuwa Latin a Turai. Cutar da Larabawa suke kira "juzam", wadda ita ce kuturta ta ainihi, sai aka fassara ta da "lepra". Daga nan sunan da yake cikin Littafi Mai Tsarki ya koma kan cuta guda ɗaya tak, dukan nauyin dokar Firistoci kuma ya sauka a kan masu ita. Turanci ya gaji wannan haɗuwa. Sa'ad da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, kalmar da ta fi kusa da hannu ita ce kuturta, mu ma muka gāje ta.

Abin lura ne cewa Hausa tana da wata kalma, albaras, wadda ake faɗa wa farin tabon da yake fitowa a fata. Daga Larabci take, kuma daga tushenta ne kalmar da Alƙur'ani ya yi amfani da ita wajen ambaton waɗanda Annabi Isa ya warkar. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan aiki nasa na jinƙai.

5. CUTAR DA MUKA SANI A YAU

A shekara ta 1873 wani likita a birnin Bergen na ƙasar Norwe, mai suna Gerhard Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Domin haka ake kiranta cutar Hansen. Ga abin da aka tabbatar game da ita.

Ƙwayar cuta ce take kawo ta, 'yar'uwar wadda take kawo tarin fuka. Ba a gadonta a jini. Sammu ba ya kawo ta, rantsuwar ƙarya ba ta kawo ta, cin kifi da nono ma ba ya kawo ta. Takan bi ta ɗigon majina da yawu daga wanda bai fara shan magani ba, bayan zaman kusa na watanni masu yawa. Gaisawa da hannu, ko zama a benci ɗaya, ko cin tuwo a kwano ɗaya ba su isa su sa wa mutum ita ba. Wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana da ƙarfin kashe ƙwayar ko da sun gamu da ita. Tana da jinkiri ƙwarai: takan yi kimanin shekara 5 kafin ta nuna, wani lokaci har 20.

Alamarta ta fari tabo ne da ya fi sauran fata haske, ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, in an shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Akwai kuma mutuwar tafin hannu ko na ƙafa, da raunin yatsu, da idon da ba ya rufuwa sosai. Yatsu ba sa guntulewa haka kawai. Ƙwayar jijiyoyi take lalatawa, sai mutum ya daina jin zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ba ta san ta ƙone ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni a kanta, gyambo ya shiga, ƙashi ya lalace a hankali. Wanda aka gano tasa da wuri ba zai kai ga wannan ba.

Magani kuwa akwai shi. An fara amfani da dafson a shekarun 1940. Da ƙwayar ta fara jure masa, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa magunguna, wato rifamfisin da dafson da kilofazimin. Ana sha wata 6 in cutar kaɗan ce, wata 12 in ta yi yawa. Tun 1995 ake ba da maganin kyauta a duk duniya. Da zarar mutum ya fara sha, ba da daɗewa ba ya daina baza cutar. Maganin yakan sa fitsari ya yi ja, fata kuma ta yi duhu na ɗan lokaci. Wannan ba abin tsoro ba ne, kada a bar sha saboda shi. Wanda ya gama shan maganinsa ya warke sarai, ko da hannunsa ya riga ya naƙasa. Naƙasar tabon abin da ya wuce ne.

Nijeriya ta kai matsayin ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 a 1998, amma cutar ba ta ƙare ba. Har yanzu akan sami sababbin masu ita kusan 200,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Indiya da Barazil da Indunusiya, ƙasarmu kuma tana cikin waɗanda suke samun fiye da 1,000 a shekara. Da yawa sukan iso asibiti bayan jijiya ta riga ta mutu. Abin da yake tsare su a gida, sau da yawa, tsoron sunan ne.

6. HUKUNCIN ALLAH NE?

Wani zai ce, ai Littafi da kansa ya nuna hukunci ne. Lalle akwai wurare uku da aka ba da labari haka: Maryamu 'yar'uwar Musa, bayan ta yi gunaguni a kansa (Ƙidaya 12), Gehazi baran Elisha, saboda kwaɗayi da ƙarya (2 Sarakuna 5:20-27), da sarki Uzziya, da ya kutsa Haikali don ya ƙona turare (2 Tarihi 26:16-21). Ba mu musun waɗannan. Amma labarin mutum uku bai zama doka a kan kowane marar lafiya ba, balle ma ciwon da ya same su farat ɗaya ba shi ne cutar Hansen ba.

Mu dubi sauran. Ba a ambaci wani laifin Na'aman ba. Jarumi ne, shugaban sojojin Suriya, yana shiga yana fita tare da sarkinsa. Mutum huɗu masu wannan ciwo da suke zaune a ƙofar Samariya su ne Allah ya sa suka kai wa birnin da yunwa ta gama da shi albishirin kuɓuta (2 Sarakuna 7). Ayuba ya cika da miyaku daga kai har ƙafa, abokansa suka nace lalle ya yi zunubi, a ƙarshe Allah ya tsauta wa abokan. Sa'ad da almajirai suka tambayi Ubangijinmu ko laifin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, ya amsa musu cewa ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yohanna 9:1-3). Wannan amsa ta isa ta rufe bakin duk mai neman laifi a jikin marar lafiya.

7. YESU YA MIƘA HANNU

A Markus 1:40-45 mutumin ya karya doka ya matso, ya durƙusa. Roƙonsa a tsarkake shi ne, wato a mayar da shi cikin mutane da gaban Allah. Yesu yana da iko ya warkar da shi daga nesa, kamar yadda ya yi wa baran jarumin Roma. Duk da haka ya miƙa hannu ya taɓa shi, sa'an nan ya yi magana. Bisa ga fahimtar mutanen lokacin, ƙazanta ce take bin hannu ta kama mai tsarki. A nan sai tsarki ya bi hannu ya kama mai ƙazanta. Daga nan ya aike shi wurin firist bisa ga Firistoci 14, domin jama'a su karɓe shi a fili.

Mu lura da ƙarshen labarin. Mutumin ya shiga gari yana ta ba da labari, Yesu kuwa bai ƙara iya shiga gari a sarari ba, sai ya zauna a waje, a wuraren da ba kowa. Sun yi musanyar wuri ke nan. A Luka 17 kuma, wanda ya komo ya yi godiya Basamariye ne, bare a idon Yahudawa. Ciwo ya haɗa shi da su, shi ne kuma aka yaba wa bangaskiyarsa. Kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa, Ubangiji ya ci abinci a Betanya a gidan Siman, wanda har a lokacin ana kiransa da sunan tsohon ciwonsa (Matiyu 26:6).

Akwai wani abu kuma da ya shafi kalmarmu kai tsaye. A Ishaya 53:4, inda annabi yake maganar Bawan Ubangiji mai shan wuya, Ibrananci ya ce bugagge ne, da kalma mai tushe ɗaya da wadda Firistoci 13 take kiran tabon ciwo da ita. Da Waliyi Jerom ya zo wurin, sai ya sa "leprosus", uwar kalmar "leprous". Shekaru fiye da dubu Ikilisiyar Yamma tana karanta wannan annabci tana jin an siffanta Mai Cetonta da sifar kuturu. Duk wanda zai yi zagi da wannan kalma, sai ya tuna wanda ya ɗauke ta a kansa.

8. SAWUN DA IKILISIYA TA BI

Tarihinmu a kan wannan al'amari yana da haske, yana da duhu. A Turai ta tsakiyar zamani an ware masu cutar a gidaje na musamman a bayan gari. Duk da haka Majalisar Lateran ta Uku, a 1179, ta umarta a bar su su sami majami'arsu da makabartarsu da firist nasu, Paparoma Alekzanda na III kuma ya yanke cewa kuturta ba ta kashe aure. Waliyi Fransis na Asisi ya shaida a wasiyyarsa ta 1226 cewa tubarsa ta fara ne sa'ad da Ubangiji ya kai shi cikin kutare, abin da yake ƙyama a dā ya koma masa abin daɗi.

A 1873, shekarar da Hansen ya ga ƙwayar, Fada Damiyan ɗan ƙasar Beljiyam ya sauka a tsibirin Molokai na Hawai, inda gwamnati take zubar da masu cutar. Ya gina gidaje da majami'a, ya wanke miyaku, ya haƙa kaburbura. Ya kamu da cutar bayan shekaru, ya rasu ran 15 ga Afrilu 1889, aka sa shi cikin waliyai a 2009. Sista Mariyan Cope, wadda ta je can a 1888 ta yi hidima har rasuwarta a 1918, ba ta kamu ba. Ita ma an sa ta cikin waliyai a 2012.

A ƙasarmu, Sistocin Medical Missionaries of Mary sun fara aikin kuturta a Ogoja a tsakiyar shekarun 1940. A Arewa, 'yan'uwanmu na mishan ɗin SIM sun taɓa riƙe asibitocin Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano daga shekarun 1930. Sunan na ƙarshen kansa wa'azi ne: ya da kunya. A Saye ta Zariya kuma akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta.

Gyaran harshe ya zo daga baya. Barazil ta kafa doka a 1995 ta cire tsohon sunan daga takardun hukuma. A 2010 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri a kan kawar da wariya ga waɗanda cutar ta shafa da iyalansu. A 2013 marigayi Paparoma Fransis ya kwatanta son muƙami a cikin Ikilisiya da kuturta, masu aikin yaƙi da cutar suka roƙe shi a bar irin wannan misali. A watan Yuni 2016 aka yi taro a Vatikan tare da waɗanda suka warke, taron kuma ya yi kira a daina kalmomin da suke ƙara wa mutane kunya. In har a can an saurara an gyara, mu ma ba mu fi ƙarfin gyara ba.

9. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hausawa suna cewa, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar ta tona mana asiri: mai sayarwa ba ya gudun hannun da yake riƙe da kuɗi. Ashe yawancin gudun da muke yi, talaucin mutumin muke gudu, muna fakewa da tsoron cuta. Ga abubuwa shida da muke roƙon kowace majami'a ta ɗauka.

Na ɗaya, masu karatu da katekis. Ba mu da izinin sauya kalmomin karatun Misa, amma a ajin katekisma da taron nazarin Littafi mu bayyana cewa kuturtar Littafin Firistoci suna ne na ciwon fata iri iri.

Na biyu, masu wa'azi. Ubannin Ikilisiya na dā sun kwatanta zunubi da kuturta da kyakkyawar niyya, amma ba su san abin da muka sani ba. Misalan zunubi suna da yawa: gara a rufin ɗaki, tsatsa a garma, ƙudaji a gonar dawa. Mu bar jikin ɗan'uwanmu ya huta.

Na uku, dukanmu. Mu kira mutum da sunansa na baftisma. In dole ne a ambaci ciwon, mu ce yana fama da cutar kuturta, ko ya warke daga gare ta. Mu hana 'ya'yanmu zagi da wannan kalma.

Na huɗu, duk wanda ya ga tabo marar ƙaiƙayi wanda ba ya jin taɓi, a jikinsa ko na ɗansa, ya tafi asibitin gwamnati mafi kusa ya nemi ma'aikacin tarin fuka da kuturta. Maganin kyauta ne. A duba mutanen gidan su ma. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su taimaka da kuɗin mota da rakiya.

Na biyar, a cikin majami'a babu bencin baya domin kowa. Mu ba da hannu a gaisuwar salama, mu matso tare zuwa teburin Ubangiji. Kada a hana saurayi ko budurwa aure don kakansu ya yi ciwon. Kada miji ya kori matarsa, ko mata ta gudu; alkawarin aure ya haɗa da lafiya da rashinta.

Na shida, waɗanda ciwon ya riga ya naƙasa suna bukatar takalmi mai taushin ciki, da tsumman ɗaukar tukunya, da jiƙa ƙafa a ruwa a shafa mai kowace rana, da wanda zai duba musu tafin ƙafa. Sun fi bukatar jari da sana'a a kan sadakar bakin ƙofa. Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya, wadda wani Bafaranshe ɗan Katolika, Raoul Follereau, ya kafa a 1954. Majalisar kowace majami'a ta shirya abin da za ta yi a ranar tun da wuri.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ku karanta Firistoci 13:1-17 da 14:33-45. Waɗanne abubuwa ne suka nuna ba cutar Hansen kaɗai ake nufi ba?
2. Me ya sa Yesu ya taɓa mutumin, alhali magana kaɗai ta isa?
3. Waɗanne maganganu ne muke ji a ƙauyenmu game da abin da yake kawo kuturta? Yaya za mu amsa su?
4. Wane ne a unguwarmu yake zaune a bayan zango a yau, ko saboda wannan ciwo ko saboda wani? Wa zai fita ya same shi a wannan mako?

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu Kristi, kai da ka miƙa hannunka ga wanda kowa yake gudu, ka kuma yarda ka zauna a bayan gari domin mu shiga, ka tsarkake harshenmu daga kalmar da take raunana 'yan'uwanmu. Ka ba masu ɓoye ciwonsu ƙarfin zuciya su nemi magani, ka sa albarka ga likitoci da ma'aikatan jinya, ka kuma mai da majami'unmu gidan da ba a korar kowa. Waliyi Damiyan da Waliyiya Mariyan, ku yi addu'a dominmu. Amin.